Malam Aminu, ka fara da .22

Assalamu alaikum, Malam Aminu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma zafin Houston bai takura muku ba. Mu nan Jamus sai godiya.

Na ga saƙonka cewa ka fara zuwa filin koyon harbi, har kana shirin sayen bindigarka ta farko, kuma ranka ya kwanta da Glock 19, ƙaramar bindigar nan ta hannu. Wallahi na ji daɗi da ka shigo wannan wasa, amma don Allah ka ɗan dakata da maganar Glock ɗin nan. Bindiga ce mai kyau, sai dai ba da ita ake koyo ba. Harsashinta 9mm ne, ga ƙara, ga zabura a hannu. Sabon shiga tun kafin harsashi ya fita jikinsa ya riga ya tsorata, sai ya riƙa danne bakin bindigar ƙasa daidai lokacin da yake jan kunama, shi kuwa bai ma sani ba. Malaman harbi suna da dabarar kama mai wannan hali: su sa harsashin bogi a cikin na gaske, ɗalibi ya ja kunama, shiru, amma kowa ya ga bakin bindiga ya sunkuya. In da hannun dama yake harbi, za ka tarar da hujojinsa sun taru can ƙasa ta hagun takardar da ake harbi. Abin nan in ya kama hannu, raba mutum da shi jan aiki ne.

Ni dai shawarata, ka fara da doguwar bindiga mai cin harsashin .22 LR. Tun 1887 ake ƙera harsashin nan, kusan ba ya dukan kafaɗa, kuma araharsa ce babbar riba, domin harbi sai da yawan maimaici. Kada ka raina shi don ƙanƙantarsa, da shi ake gasar mita 50 a Olamfik. Da rarrafe yaro kan tashi.

Guda biyu za ka fi cin karo da su a shagunan Texas. Akwai Ruger 10/22, wadda ta fito tun 1964, tana ɗaukar harsashi 10, kuma ita ke ɗana kanta bayan kowane harbi. Akwai kuma CZ 457 ta ƙasar Czech, wadda sai ka ja sakatarta da hannu, ƙwanso ya fita, ka tura wani. Da ni ne, CZ zan ɗauka. Wannan ɗan jinkirin na jan sakata yana sa ka sake numfashi, ka gyara kunci a gindin bindiga, ka yi saiti daga farko. Mai ɗana kanta kuwa tana jan mutum ya yi ta ɓarin harsashi. In ka nace sai ƙarama ta hannu, to nemi Ruger Mark IV ko Browning Buck Mark, dukansu .22 ne.

A nan Jamus doka ba ta barin ɗan wasan harbi ya mallaki irin waɗannan sai ya yi wata 12 yana atisaye a ƙungiya. Yawancinmu da bindigar iska muka fara, a mita 10, inda tsakiyar takarda mai maki goma ɗigo ne na rabin milimita. Ku can babu wannan jira, don haka kai za ka sa wa kanka shi. Filaye da yawa suna ba da hayar bindiga. Gwada biyu ko uku, ka ji wadda ta zauna maka a kafaɗa. Ka sa malami ya duba maka idon da ya fi ƙarfi, don wani da hannun dama yake harbi amma da idon hagu yake saiti.

Tunda kana da katin zama na dindindin, dila mai lasisi zai ba ka fom 4473 ka cike, a binciki tarihinka. Amma kafin bindiga ta shigo gida, akwatin ƙarfe mai makulli ya riga ta, harsashi kuma a kulle daban. Da yara a gidanka, Malam, wannan ba na wasa ba ne. Abin toshe kunne da tabarau kada ka taɓa barinsu, ko da .22 ne, kuma ka wanke hannu da sabulu bayan harbi saboda dalma.

Ka ɗauko min hoton takardarka ta farko a yadi 25 in gani. A gaida Hajiya da yara. Allah ya tsare, ya bar zumunci.

Naka,
Bashir