Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Uban Ƙasa Kan Hayaƙin Da Ya Hana Mu Numfashi A Gidajenmu

Bismillahir Rahmanir Rahim

Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa,
Ta hannun Mai Unguwarmu,
Birnin Sakkwato.
Ramadan 1441, Mayu 2020

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga mahaifinsa, muna yi maka barka da shan ruwa. Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi ja zamanin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar na Uku, shi yaye mana wannan annoba ta korona da ta game duniya. Mu talakawanka ne mazauna layukan da ke kewaye da babban jujin bayan unguwa: magidanta, matan aure, zawarawa masu riƙon marayu, da malaman makarantun da aka rufe. Ba tarbiyyarmu ba ce mu aika wa uba takarda. Da zamani na daidai ne, da ƙafarmu za mu taka har fada, mu tuɓe takalma mu faɗi gabanka. An hana taruwa, mu kuma abin ya kai mana iya wuya, shi ya sa muka rubuta. In an ga kaushin harshe a wani wuri, a yi mana afuwa.

Daren Talatar da ta wuce, ana gama shan ruwa, aka sake cinna wa jujin nan wuta. Wannan karon ba leda da tsummoki kaɗai ba ne. Tsofaffin tayoyin mota aka jibga, irin waɗanda 'yan jari-bola ke ƙonawa don su ciri wayar ƙarfen da ke ciki su kai wa masu awo. Ka san bazarar Sakkwato, ranka shi daɗe, zafin rana kan haura digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa, ga wutar lantarki ba ta zama, kowa da iyalinsa a tsakar gida suke shimfiɗa. A nan hayaƙin ya same mu. Baƙi ƙirin, mai ɗaci a maƙogwaro, bai tashi sama ba, kwanciya ya yi a kan gidaje. Wanda ya gudu ɗaki zafi ya koro shi, wanda ya fito hayaƙi ya maida shi. Yara na tari har da amai. Abincin sahur da aka rufe da faifai, da asuba baƙin gari muka tarar a kansa.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, uwa ce ga da yawa daga cikinmu, ta daɗe tana fama da asma. Tsakar dare numfashinta ya sarƙe, maganin shaƙarta ya ƙi aiki. 'Ya'yanta suka fita neman abin hawa, babu kabu-kabu, babu keke, domin dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe da Gwamnatin Tarayya ta kafa tun 4 ga Mayu ta kwashe kowa daga titi. Da ƙyar wani maƙwabci ya yi shahada ya fito da motarsa. Da aka isa wani asibiti, ma'aikata na jin tari da sarƙewar numfashi sai kowa ya ja da baya, aka bar ta a kan benci ana ta shawarar ko korona ce. Ba mu ga laifinsu sosai ba, su ma masu rai ne, kuma alamun iri ɗaya ne. Allah ya yi da sauran kwananta, tana gida yanzu, amma azumi ya gagare ta, magana ma sai ta huta a tsakiya. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, tun daga ranar wasu iyaye sun daina kai 'ya'yansu masu tari asibiti, suna tsoron a ce korona ce a wuce da su asibitin Amanawa a killace. Sai jiƙo da zuma da addu'a a cikin ɗaki. Hayaƙin juji ya sa mutane ɓoye ciwo a lokacin da hukuma ke roƙon kowa ya fito da nasa fili.

Ranka shi daɗe, tun da aka samu mai cutar na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, har ta shigo jiharmu a watan Afrilu, babu umarnin da muka ƙi bi. An rufe makarantu, mun tsare yara a gida. An ce a sa takunkumin fuska, telolinmu sun ɗinka. An ce a wanke hannu, muna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa muna wankewa. Tafsirin da muka saba cika masallaci dominsa, bana a rediyo muke saurare. Duk don a tsare numfashinmu aka yi, mun kuma yarda. To amma gidan da aka ce mu zauna a cikinsa, a nan ne ake cinye mana huhu. Gaba kura, baya sayaki.

Muna jin labarin duniya. An ce da aka kulle China da arewacin Italiya, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna gurɓatar iska ta ragu ƙwarai. A Indiya, mutanen birnin Jalandhar sun hango duwatsun Himalaya daga kan rufin gidajensu, abin da suka yi shekaru da yawa ba su gani ba. Su hayaƙinsu na motoci ne da masana'antu, da aka tsaya sai ya tsaya. Namu ba haka yake ba. Namu daga juji yake fitowa, da janareta, da murhu, da wurin babbaka, kuma duk kullen nan ƙara su ya yi. Mutane na gida dare da rana, shara ta ninka, masu kwasa sun ɗauke ƙafa, wanda ya gaji da wari sai ya kyasta ashana. Fetur ya sauka daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris, saboda haka duk mai ɗan janareta yana kwana da shi a kunne, a lungun da tagar wani ke kallon tagar wani. Girki da itace da gawayi ya ƙaru saboda azumi da yawan bakin ci, matanmu da goyonsu su ne a bakin murhu tun daga la'asar.

Akwai ɗanmu ma'aikacin lafiya da ya zaunar da mu ya yi mana bayani, kuma muna son ya kai kunnenka. Ya ce baƙin da muke gani a kan tufafi ba shi ne mafi haɗari ba. Akwai ƙwayoyin hayaƙi ƙanana da suka fi silin gashi sirantaka wajen sau 30, gashin hanci ba ya tare su, takunkumin atamfa ma bai cika tare su ba, suna wucewa can ƙasan huhu har su shiga jini. Su ke tayar da asma, su kawo limoniya ga yara, su tsananta hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Leda da roba da taya in an ƙona su suna fitar da guba mai jawo ciwon daji. Hayaƙin janareta kuma yana ɗauke da wata iska marar launi marar wari, wadda kan kashe iyali guda suna barci in an kunna shi a wuri rufaffe. Ya kuma gaya mana dalilin da ya sa abin ya fi muni da dare: in ƙasa ta huce, iskar da ke kusa da ita takan yi nauyi ta ƙi tashi, sai ta danne hayaƙin daidai inda muke kwance. Masu ƙonawa sun zaɓi dare don kada a gan su, ba su san a lokacin ne suka fi cutar da mu ba. Ko sun sani, Allah masani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashe mutum wajen miliyan 7 duk shekara. Asusun UNICEF ya ce a 2018 limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. A watan jiya ma masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar cewa yankunan da suka daɗe suna shaƙar irin waɗannan ƙwayoyi sun fi yawan mace-macen korona. Korona huhu take nema, mu kuma namu ya riga ya sha ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bai huta ba aka ɗora masa taya.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun gaya wa Mai Unguwa, ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah shi saka masa. Limaminmu ya yi wa'azi a kai tun kafin annoba. An je ofis, an rubuta, an koma, an ce a dawo, an ce mai sa hannu ya yi tafiya, daga baya aka ce ma'aikata na gida saboda korona. An taɓa turo wasu suka zo suka ɗauki hoto suka tafi. Matasanmu sun yi gayya sun kwashe abin da baro zai iya ɗauka, kafin wata ya zagayo ya dawo fiye da da. Zuwa na ƙarshe aka ce mana motar kwasar shara tana nan, taya ce ba ta da ita. Taya kuwa, ranka shi daɗe, ga su nan ana ƙona mana kowane dare.

Don haka muke durƙusawa gabanka. Abu na farko, kuma shi ne gaba da komai, a kashe wutar nan. Ba ta mutu ba, tana ci ta ƙarƙashi, guga da bokiti sun kasa, sai motar kashe gobara. Bayan an kashe a kwashe jujin gaba ɗaya kafin ruwa ya sauka, domin damina na bakin ƙofa, kuma tokar nan cikin kwatoci da rijiyoyinmu za ta gangara. Muna roƙon ka isar da wannan ga shugaban ƙaramar hukuma da hukumar kula da muhalli ta jiha da bakinka, don mu namu bakin an saba da shi. In akwai hali, a kai maganar gaban Majalisar Mai Alfarma, domin mun tabbata ba unguwarmu kaɗai ke da juji mai hayaƙi a garin nan ba.

A sa sanƙira ya zagaya da shela cewa Uban Ƙasa ya hana ƙona taya da leda a cikin unguwa, dare ko rana, kuma a sa wa dokar hukunci, in ba haka ba dariya za a yi mata. A kira shugabannin 'yan jari-bola a zauna da su. Ba mu ce a kore su ba. Yawancinsu yara ne da kulle ya tsayar wa sana'a, kuma su ne ke tsaye a tsakiyar hayaƙin ba ko ƙyalle a hanci, gobe su ma gadon asibiti ke jiransu. A nema masu fili can bayan gari, nesa da gidaje. Haka nan muna roƙon a yi magana da Sarkin Fawa kan masu babbakar kai da ƙafa da ganda da wutar taya. Wannan cuta biyu ce, mu shaƙa da hanci, mu saya kuma mu zuba a tukunya. Iyayensu da kara da itace suka yi wannan sana'a, ba wanda ya mutu da yunwa.

Muna kuma roƙon a dawo mana da duba-gari. Dattawanmu suna tuna lokacin da jin duba-gari ya shigo layi ya isa a share ko'ina har bayan randa. A ajiye mana mazubin shara, a sa ranar da mota za ta riƙa zuwa, ko da sau ɗaya a mako ne, mu kuma mun ɗauki alkawarin kai sharar wurin da hannunmu. Masu janareta da injin niƙa a ja kunnensu su juya bututun hayaƙi daga tagogin maƙwabta, kada kuma a kunna a zaure ko cikin ɗaki. Limamai su faɗa a karatun rediyo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Wanda ya cika wa maƙwabcinsa mai azumi ƙirji da hayaƙi ya san inda ya tsaya.

Sai maganar marasa lafiya da dare. A ba Mai Unguwa wata takarda ko lambar waya da za a nuna wa jami'an tsaro in an ɗauko mai ciwo lokacin dokar hana fita, don kada a sake yin abin da aka yi ranar Talata. A kuma turo ma'aikatan lafiya su duba yara da tsofaffin layukan nan gida gida, su bambance mana tarin hayaƙi da na annoba, hankalin iyaye ya kwanta su daina ɓoyo.

Ranka shi daɗe, garin nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, kuma duk da nauyin mulki da yaƙi sai da ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani da lafiyar jama'a. A kan wannan gado kake zaune, shi ya sa muka kawo kukanmu gare ka ba wani wuri ba. Matasanmu sun fara maganar za su kwana gadin jujin da sanduna, mun taushe su da sunanka, mun ce a jira Uban Ƙasa ya ji. Ba mu san iya kwanakin da za su saurare mu ba. Muna sake roƙo, don Allah don Annabi, a fara kashe wutar, sauran su biyo baya. Duk ranar da ka ga dama ka turo wakili, ya zo bayan isha'i, ba da hantsi ba, ya tsaya a bakin layi ya shaƙa da kansa.

Allah shi ba ka nasara, shi sa mu ga Sallah lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna layukan bayan juji, maza da mata.
Sa hannunmu na biye a takarda ta biyu, waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala yatsa.