'Yan gudun hijirar da ke raɓe a gidajenmu ba sa cikin lissafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen agaji. Daga wani ƙauye a ƙasar Ƙaraye ta Jihar Kano nake rubutowa, kuma abin da zan faɗa a cikin gidana yake.

Da an ce 'yan gudun hijira, sai hankalin mutane ya tafi sansani: tantuna, layin karɓar abinci, Maiduguri. Gaskiya ne rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba mutum sama da miliyan biyu da gidajensu a Arewa maso Gabas, musamman bayan faɗuwar Gwoza da Bama a 2014. Amma ko a can, mafi yawansu cikin jama'a suke zaune. Balle nan yamma, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Mutumin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara idan ya tsira da ransa, tunawa yake da garin da ya aurar da ƙanwarsa, ko inda ya yi almajirci, ko inda yake zuwa cin rani, sai ya ja iyalinsa ya nufi can.

Haka muka samu namu. A ƙarshen daminar 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a Zamfara da wasu sassan Katsina, wata a-kori-kura ta sauke mutum goma sha ɗaya a ƙofar gidana bayan sallar isha'i. Dangin maiɗakina ne. Kayansu duka tukunya biyu ne da tabarma da ƙullin tsummokara. Sun baro dawa a tsaye a gona ta fitar da kai, saura kaɗan a yanka. Babban cikinsu, mutumin da na sani da shanun huɗa da garken awaki, ya riga ya sayar da komai ya biya kuɗin fansar ɗansa. Mahaifiyarsa kuwa, da aka shimfiɗa mata tabarma, sai ta kwance bakin zanenta ta miƙo wa maiɗakina zangarniyar dawa guda uku ta bara, ta ce, "Rataye min a inda ɓera ba zai kai ba, iri ne." Har yau idan na tuna daren nan sai jikina ya yi sanyi.

Na ba maza zaure, mata suka shiga ɗakin uwargida. Maƙwabta suka yi abin da ya kamata, wannan ya aiko da tiyar masara, wancan da damin gero, liman ya yi magana ranar Juma'a. Amma rumbun da yakan kai ni wata kakar, kafin ruwan farko ya sauka ya nuna ƙasa. Gidajen da suka karɓi baƙi a unguwarmu duk haka suka yi. Ba ƙorafi nake ba, baƙonka Annabinka, kuma mun san abin da mutanen Madina suka yi wa waɗanda suka yi hijira zuwa gare su. Ina faɗa ne don a san cewa agajin da ya riƙe mutanen nan shekarun nan daga rumbun talaka ya fito, kuma rumbun ya gaji, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin taki da na mota suka tashi.

Sau ɗaya aka aiko cewa a je gari a rubuta suna. Suka ranci kuɗin mota suka tafi, suka yini a rana, aka ce kowa ya kawo katin shaida. Katin da ya ƙone tare da ɗaki? Aka rubuta mutum biyu, sauran suka dawo. Bayan wata uku aka kira biyun aka ba su shinkafa da taliya. Mun gode, Allah ya saka wa wanda ya bayar, amma kwana huɗu ta yi a gidan.

Na san hannun masu bayarwa daga waje ya yi sanyi. A Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai sa ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas, bayan Amurka da wasu ƙasashe sun rage abin da suke bayarwa. Idan waɗanda ke cikin rajista ke nan, ina ga wanda ba a taɓa ƙirga shi ba? Shi ya sa nake ganin dole mu dubi gida. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla don kare waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, tun a 2012, kuma yarjejeniyar ta ambaci taimaka wa al'ummar da ta karɓi masu hijira, ba su kaɗai ba. A 2021 ma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan 'yan gudun hijira. Takarda dai akwai ta.

Abin da nake roƙo shi ne a fara ƙirga su, kuma a bi ta hannun mai unguwa da dagaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai unguwarmu zai faɗa maka gidan da baƙi suka sauka, su nawa ne, daga wane gari, wa ya tsaya musu, ba sai an nemi kati ba. Wannan zai kuma kashe zargin da ke yawo, don akwai masu kallon duk baƙo a matsayin ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, musamman tun da hare-hare suka taɓa Shanono da Tsanyawa a nan Jihar Kano a ƙarshen 2025. Tsoron yana da dalili, amma matar da aka kashe wa miji ba ta cancanci a riƙa nuna ta da baki a bakin rijiya ba.

Sannan a lura da lokaci. Waɗannan mutane manoma ne, sun fi ni iya noma. Wanda ya saba cika rumbu uku yau ƙwadago yake yi a gonar wasu, matansa suna surfe da sussuka a biya su da dusa da ɗan tsaba. Abin da zai tsayar da shi da ƙafarsa shi ne aron gona da iri da buhun taki, a ba shi a bazara kafin shuka. Wanda aka kawo bayan an yi noman farko ya makara. Ga madatsar ruwa ta Challawa a nan Ƙaraye, in da za a yanka musu 'yan kadadu na noman rani a haɗa musu da injin ban ruwa, da yawansu ba za su sake miƙa hannu ba. Mu ma manoma da muke fitar da zakkar hatsi a kaka, mu tuna cewa wanda hanya ta yanke wa yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa. Ina fata Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha za ta dubi ƙauyuka da wannan ido. Yaransu kuma a karɓe su a firamare ba tare da neman takardar makarantar da aka ƙone ba.

Tsohuwar nan, na yanka mata ɗan gefe a gonata ta bayan gari ta shuka zangarniyarta. Dawar ta karɓi ƙasarmu, yanzu gida huɗu ke shuka irin. Bana ta ce in ƙara mata ko kunya ashirin ce, ni kuma ba ni da inda zan ƙara. Malam Edita, ka turo wakilinka kafin ruwa ya sauka. Zan tarye shi a tashar Ƙaraye in kai shi gida-gida ya gani da idonsa.

Wassalam.

Naka,
Wani manomi mai karanta jaridarku,
daga ƙasar Ƙaraye, Jihar Kano.