Hanyar Zama Oditan Kamfani Mai Fita Ƙetare

Malam Edita,

A ba mu fili mu ja hankalin ɗaliban akanta na ABU. Digiri kaɗai ba ya kai mutum binciken rassan kamfani a ƙetare. Bayan bautar ƙasa a nemi takardar ƙwarewar akanta ta ICAN (ta Najeriya) ko ACCA (ta Birtaniya), sannan CIA, wato takardar ƙwarewar oditan cikin kamfani, mai jarrabawa kashi 3. Faransanci ma yana da rana a rassan Kamaru da Senegal.

Sabon odita, wato mai binciken kuɗi, yakan faɗi ne wurin yarda da takarda. A gwada odar saye da takardar karɓar kaya da ta biyan kuɗi, sannan a shiga sito a ƙirga da hannu, don a takarda ake ɓoye gibi. Kada a karɓi tsarabar manajan reshe. Toshiyar baki ce.

Kafin tafiya, fasfo ya kasance da sauran wata 6, tare da katin rigakafin zazzaɓin shawara.

Naku,
Wasu masu binciken kuɗi, Zariya