A Mayar Da Bitar Malaman Fasaha Ɗakin Aiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan tarukan bita da ake shirya wa malaman kwalejojin fasaha. Galibi a zauren otal ake yin su, a kwana uku ana karanta takarda, a raba jaka da satifiket, a watse. Malamin wayarin ya koma makaranta ko sukudireba bai riƙe ba.

A ɗauki aikin sola, wanda ɗalibai suka fi tambaya yanzu. Kamata ya yi a zaunar da mutum huɗu kan benci ɗaya, a ba su inbata mai bolt 24, batir biyu masu bolt 12 da za a jera, farantin sola, kwantirolar caji (na'urar da ke daidaita cajin batir) da mita. Kowa ya haɗa da hannunsa. A nan ne zai gane cewa batir ake fara jonawa da kwantirola kafin faranti, domin daga batirin take gane ko tsarin bolt 12 ne ko 24. In aka juya, tana iya lalacewa. Zai kuma ga illar siririyar waya: inbata mai wat 1,000 tana jan sama da amfiya 40, wayar soket mai kaurin 2.5mm² ba ta ɗauka, sai ta yi zafi har robarta ta narke. Haka zancen yake ga malamin kanikanci da har yanzu yake kan kafireta, alhali motocin yanzu sai an sa musu na'urar OBD mai gano matsalar mota.

Wani abin damuwa, TETFund, hukumar tallafa wa ilimin gaba da sakandare, tana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu, irin kwalejojin ilimi na fasaha da ke Bichi da Gusau, amma malamin kwalejin fasaha ta sakandare ba ya ciki. In ma gurbin wata bita ya samu, sau da yawa ɗan ofis ake turawa.

Ina kira ga hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna da ma'aikatun ilimi na jihohi: a riƙa yin bitar a dogon hutun Agusta, bayan jarrabawar kammala kwalejin fasaha ta NABTEB, a gayyato ƙwararrun Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, su koyar, kuma kada a ba malami satifiket sai abin da ya haɗa ya kawo wuta.

Naka,
Malamin aikin lantarki, Kaduna