A ɗauki muryar kakanninmu tun suna da rai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ɗan sam min fili in yi magana kan wani abu da ya tsaya min a rai, wato yadda muke binne asalinmu tare da tsofaffinmu ba tare da mun rubuta ko layi ɗaya ba, alhali kayan aikin suna cikin aljihunmu.

Abin da ya taso da maganar shi ne, kwanaki wani saurayi ya turo saƙon murya a WhatsApp ta hannun wani ɗan unguwarmu, daga Sudan yake, yaƙin nan da ya ɓarke a 2023 ya raba su da gidansu. Hausa yake yi tsaf, irin ta mutanen da, har da kalmomin da rabona da jin su tun ina yaro. Ya ce kakan babansa daga unguwarmu ya tashi a ƙasa zai je Makka, ya yada zango a can yana neman guzuri, zama ya kama shi har ya yi aure ya hayayyafa. Ya faɗi sunan mutumin da na mahaifinsa da sana'ar gidan, ya ce shi ba kuɗi yake nema ba, so yake ya san ko yana da dangi. Malam Edita wallahi muka zagaya gida kaf, manya da ƙanana, aka rasa mutum ɗaya da zai ce e ko a'a. Kowa sai ya ce ai da Gwaggo tana nan.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ta rasu wata bakwai kafin zuwan saƙon. Ita ce ta san wa ya haifi wa, wa aka ba wa riƙo, wa ya sha nonon wa, wace ce ta fita ta dawo. Na taɓa zama da ita wata ranar Juma'a da yamma, tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana goga goro a magogi don haƙoran sun tafi, na ajiye waya a kan kujera 'yar tsugunno na danna ɗauka. Ta dinga lissafo mutane da yatsu tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, in hannu ya cika ta buɗe ta sake, ta kai ni har kakan kakana da ƙannensa, kuma na tuna sarai ta ambaci wanda "ya yi gabas bai dawo ba". Da aka zo kan mijinta sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai ta ce shi dai mai gidan nan, mutumin da ya shekara talatin a ƙasa, sai jikarta ce ta faɗi sunan daga bakin murhu. Minti arba'in da wani abu muka yi. Bayan sati uku aka fizge wayar a cikin adaidaita sahu, ban tura wa kowa ba, ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Na ce zan koma mu sake zama, yau da gobe yau da gobe har Allah ya karɓi abarsa. Abin nan yana ci min rai har yanzu.

Cikin neman yadda zan taimaki wannan bawan Allah ne na ci karo da wani taro da ake kira RootsTech. Kowace shekara ake yin sa wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris a birnin Salt Lake City na jihar Utah a Amurka, tun 2011, kuma ba abin da ake tattaunawa kwana uku cur sai binciken asali da salsala. Dubban mutane ne ke cika zauren, ana koyar da yadda ake karanta tsohon rubutun hannu, yadda ake adana hoton da ya fara cin kansa, yadda ake yi wa tsoho tambaya ba tare da an gajiyar da shi ba, kamfanoni kuma suna baje sababbin manhajojinsu. A 2021 da korona ta hana haɗuwa sai suka mayar da shi intanet kyauta, mutum sama da miliyan ɗaya suka shiga, kuma har yanzu ana iya kallon darussan ba a biyan ko sisi, data ɗinka kawai. Na kalli da yawa cikin dare. Abin da ya fi taɓa ni ba na'urorin ba ne, ganin tsofaffin mata ne da furfura sun zauna da littafi da biro suna koyon yadda za su bar wa jikokinsu sunayen iyayensu.

Masu shirya taron FamilySearch ne, ƙungiyar da ta samo asali tun 1894. Sun shekara da shekaru suna yawo duniya suna ɗaukar hoton rajistar haihuwa da aure da mutuwa da ƙidaya, suna adanawa a wani rumbu da aka haƙa cikin dutse kusa da birnin, kuma a 2021 suka sanar sun gama mayar da naɗin fim miliyan 2.4 na hotunan takardun nan zuwa kwamfuta. Shafinsu kyauta ne. Akwai kuma na kuɗi irin su Ancestry da MyHeritage, akwai Gramps wadda ita kyauta ce kana sauke ta a kwamfutarka ka yi aiki ko babu intanet, bayananka suna hannunka. Kusan dukansu suna fahimtar wani nau'in fayil da ake ce wa GEDCOM, wato in ka gina bishiyar zuri'arku a wannan kana iya kwashe ta ka kai waccan ba sai ka sake bugawa daga farko ba.

Amma fa dole in faɗi gaskiya don kar wani ya ce na tura shi inda bai sani ba. FamilySearch ta cocin Momon ce, wata ɗarikar Kiristoci mai hedikwata a can Utah, kuma aƙidarsu ce ta sa suke wannan aikin, suna da ibadar da suke yi a madadin matattunsu, har sun taɓa samun saɓani da Yahudawa a kan sunayen waɗanda aka kashe zamanin Hitila, aka yi yarjejeniya a 1995. Suna kuma da shirin tattara salsalar baka a Afirka, Gana da Nijeriya na ciki, ana bin dattawa ƙauye ƙauye ana ɗaukar muryarsu. Ni ban ce kowa ya kwashi sunayen iyayensa ya ɗora musu ba, ni kaina ban ɗora ba. Abin da nake cewa, mutane sun taso daga wata uwa duniya sun ga darajar abin da ke kan tsofaffinmu, mu da muke kwana gida ɗaya da su ba mu gani ba. A koyi dabarar a wurinsu, a riƙe kayan a gida.

Haka batun gwajin ƙwayar halitta da ake ce wa DNA, wanda za ka tofa yawu a 'yar kwalba ka aika. Yana da amfaninsa, musamman ga baƙaƙen Amurka da Birazil da bauta ta yanke musu igiya gaba ɗaya, mun san an kai Hausawa Bahiya ta ƙasar Birazil har suka ƙulla yin bore a 1807. Amma kwalba ba za ta gaya maka sunan kakarka ba, ba za ta ce maka wace ce ta shayar da babanka ba. Sannan a 2023 'yan kutse sun kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe, a 2025 kamfanin ya shiga kotu kan karyewar jari, mutane suka shiga zullumin ina bayanan jininsu za su ƙare. A yi hattara.

Da na zauna zan shigar da ɗan abin da na tsira da shi a wata manhaja, nan na ga ba don mu aka ɗinka rigar ba. Farko ta ce in sa sunan iyali, mu kuwa sunanka da na ubanka ne, wani kuma sunan garinsu aka maƙala masa ranar da aka kai shi makaranta, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A gidanmu Muhammadu shida ne, ba wanda ake kira da sunan, wannan Abba, wannan Baffa, wancan Mai Suna, saboda alkunya, kuma in ba ka rubuta laƙabin tare da sunan yanka ba nan da shekara ashirin ba mai rabe su. Ta ce in sa ranar haihuwa, Gwaggo kuwa cewa take an haifi wane shekarar zuwan Sarauniya, wance kuma ana goyon ta aka yi canjin kuɗi. Wannan ba matsala ba ce in mutum ya san 1956 ce ta farko, ta biyu 1973, canjin hannu 1972, rasuwar Sardauna 1966, isowar jirgin ƙasa Kano 1911. Irin wannan jadawalin ya kamata a ce kowane mai bincike yana da shi a bayan littafinsa, kowane gari da nasa. Babban abin da na rasa shi ne gurbin shayarwa. A wurinmu wanda kuka sha nono ɗaya ɗan'uwanka ne, aure ya haramta, kuma mata ne kaɗai ke riƙe da wannan lissafin a ka. In tsohuwa ta tafi da shi fa? Ga riƙo, ga auren zumunci da ke sa mutum ɗaya ya fito ta wajen uwa ya fito ta wajen uba. Ina yaranmu masu haɗa manhaja a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi? Ga aiki nan yana jiran ku, da Hausa, da boko da ajami, wadda za ta yi aiki a ƙaramar waya.

Kuma ba wai ba mu da takardu ba ne sam. Akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna cike da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, akwai Arewa House a tsohon gidan Sardauna, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Makama a Kano. Bayan waɗannan akwai wanda ya fi kusa, gafakar malam da ke rataye a zaure, sau da yawa za ka tarar an rubuta ranar haihuwar 'ya'ya a bangon littafi da tawadar zuge, da takardun gona, da na rabon gado, da tsohon fasfon hajji a ƙasan adaka. Gara da ɗigon damina suna cin su kullum. Ɗaukar hotonsu da waya ba ya cin minti biyar.

Na san akwai masu cewa tone-tonen asali fitina ne, wani zai tono abin da zai goranta wa wani. Wannan tsoron gaskiya ne, mun san yadda kalmar asali take yanka a wajen neman aure. To amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu mu san nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, don zumunci aka ce, ba don alfahari ba. Abin da tsohuwa ta ce maka sirri ne ka bar shi sirri, kar ka watsa a Facebook. Kuma duk wanda ya taɓa zama a kotu ana shari'ar gadon da aka bari ya kwana shekara arba'in, magada sun mutu sun bar magada, ya san rashin rubutun ya fi haifar da fitina.

Roƙona biyu ne. Na farko ga ƙungiyoyin zuri'a da muke da su birjik, masu taro duk bayan Sallah, a yi anko a buga kalanda a ci shinkafa a watse. Don Allah a ware awa ɗaya, a zaunar da tsofaffin, mata musamman, a sa yara biyu su ɗauka da waya biyu, wani kuma yana rubutawa a littafi mai kauri, a tambayi sunan yanka da laƙabi da garin da aka taso da sana'a da inda aka binne mutum. Kafin a tashi a tura muryar ga mutum uku aƙalla, a sa a Google Drive, a sa a filashi a ba wa babban gida. Kar a ce sai gobe. Na biyu ga jami'o'inmu da masarautu, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da sashen tarihi, me zai hana a shirya mana taron koyon wannan aikin ko sau ɗaya a shekara, da Hausa, a buɗe ƙofa ga tela da malamar firamare da ɗan kasuwa, a gayyato 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da na Mai Wurno a Sudan, jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, ko ta waya ce su shigo.

Shi wannan saurayin har yau ban ba shi amsa ba, na dai ce masa ya ƙara haƙuri. An ce min akwai wata 'yar ƙanin kakanmu da ta rage a ƙauye, ta haura tamanin, idonta ya tafi amma hankalinta garau. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je da goro da turmin atamfa da waya biyu, ɗana zai riƙe ɗaya, zan kunna mata muryar yaron ta ji sunayen da kunnenta.

Na gode da wannan fili. Allah ya jiƙan magabatanmu.

Naka,
mai karatu daga birnin Kano