Akwati biyu na kai, ko rabin ɗaya ban taɓa ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ɗan bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini inyi magana da masu shirin tafiya hutu a irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda ake kwana a ciki kullum gari ya waye maka a wata ƙasa ka sauka kayi yawon buɗe ido ka dawo kafin yamma. Tunda na dawo daga tawa tafiyar ƙawaye ke ta kirana wai me zasu zuba a akwati, na gaji da maimaitawa shi yasa nace bari in rubuta kowa ya gani.

Ni da maigida mukayi tafiyar a watan Yuli, muka shiga jirgi a Civitavecchia, tashar da ke kusan kilomita 80 daga birnin Rum, muka bi ta Napoli da Sisili da Santorini da Atina har Kusadasi ta Turkiyya. Akwati biyu na cika ni kaɗai, kowanne sai da na zauna a kai kafin zif ya rufu, kuma kowanne yana dab da kilo 23 ɗin da kamfanin jirgin sama ya yarda dashi. Wallahi Edita ko rabin ɗaya ban taɓa ba, saboda lokacin da nake haɗa kayan hoto kawai nake hangowa, wannan rigar a gaban wancan ginin, wancan takalmin a bakin teku, ban taɓa zama na tambayi kaina awa nawa zanyi a tsaye a rana ba.

To maganar takalmi zan fara don nan na fi shan wuya. Takalma shida na ɗauka, huɗu masu tsini, ɗaya silifas, sai wani sabon kambas da na saya ana jibi tafiya ban taɓa sa shi ba ko sau ɗaya. Ranar Napoli muka tafi Pompeii, garin nan da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, titunansa wasu manyan duwatsu ne baƙaƙe da ba'a daidaita ba, wani ya ɗago wani ya lotsa, ga babu inuwar kirki sai rana ta sama da zafin dutse ta ƙasa. Kafin azahar sabon kambas ɗin nan ya fasa min dunduniya duka biyu, bororo ya tashi ya fashe safa ta manne a ciki, da muka koma jirgi sai da na jiƙa ƙafar a ruwa kafin safar ta fita. Sauran kwanakin duk da filasta nayi su ina ɗingishi kamar wadda ta taka ƙaya. Don haka duk wanda zai tafi, takalmin da ƙafarsa ta riga ta saba dashi zai ɗauka, mai taushin ciki mai kama ƙasa, in kuma sabo ne to ya fara yawo dashi sati biyu ko uku tun yana gida, ya haɗa da safar auduga da yawa da filasta a jaka.

Masu tsinin kuwa ko fito dasu banyi ba a Atina, ashe tun 2009 Girka ta hana shiga wuraren tarihinta da takalmi mai tsini saboda yana lalata duwatsun. Ko ba'a hana ba ma waye zai iya, duwatsun hawan Akropolis, tudun nan mai tsofaffin gine-ginen tarihi a Atina, sun sha taku shekaru aru-aru har sunyi sulɓi suna ƙyalli, a gabana wani dattijo mai silifas ya zame ya zauna daɓas. Haka tsibirin Santorini na Girka, jirgi baya matsowa gaɓa sai dai ƙananan kwale-kwale su kwashe ku, in kun sauka kuma garin yana can saman dutse, ko dai ka bi layin motar igiyar nan mai hawa sama, wanda in jirage sun haɗu da yawa layin kansa wata tafiya ce, ko ka taka matakala 588 da jakuna ke bi suna zubar da abinda suke zubarwa. Ka ƙiyasta wannan da farin takalmi.

Sai yadi. Wasu gani suke tunda zafi ake to a rage kaya kawai, ɗan guntun wando da ƴar shimi shikenan, amma waɗanda na gani sunyi haka sune suka dawo jirgi fatarsu tayi jawur tana saɓulewa, kuma kada mai duhun fata yace shi rana bata ƙona shi, tana ƙonawa sarai, wuyan maigida sai da ya ɗaye. Abinda yayi min aiki shine doguwar riga sakakka marar nauyi ta auduga ko lilin mai haske, wadda iska ke ratsawa gumi ya bushe. Lilin yana yamutsewa kam, amma a can kowa a yamutse yake ba mai kallonka. Yadin roba mai sheƙin nan kuwa, wanda yafi kyau a hoto, kamar ka shiga leda ne ka ɗaure bakin, sau ɗaya na saka a Sisili na rantse ban ƙara ba. Kuma Sisilin nan ba wasa bane, a can kusa da Sirakusa aka auna zafi digiri 48.8 a watan Agustan 2021, wanda ba'a taɓa auna irinsa a nahiyar Turai ba, sannan a Yulin 2023 sai da hukumomin Girka suka riƙa rufe Akropolis da tsakar rana saboda mutane na jigata. Wandon jins ma a barshi a gida, ga nauyi ga riƙe zafi, in ka wanke kuma kwana biyu bai bushe ba a ɗakin jirgi.

Wani abin da ba wanda ya faɗa min shine sanyin cikin jirgin kansa. Kana fitowa daga rana jiƙe da gumi ka faɗa ɗakin cin abinci esi na hurawa kamar firij, dare na farko haƙorana har haɗuwa suke, ga iskar saman jirgi da daddare in yana tsakiyar teku. Siririyar suwaita ɗaya ko babban gyale ya wadatar. Gyalen nan ma ni ban ga abinda ya kaishi amfani ba a duk kayana, shine bargona a ɗakin cin abinci, shine inuwata a Afisa, tsohon birnin tarihi da ke kusa da Kusadasi, inda muka taka titin farin dutse har gaban tsohon ɗakin karatun Celsus rana na dukanmu ta sama tana dawowa ta ƙasa, kuma shine na ara wa wata baiwar Allah ƴar rukuninmu a Vatikan, mazaunin Paparoma a birnin Rum. Ta sha layi a filin cocin Saint Peter kusan awa guda, sai da tazo bakin ƙofa masu gadi suka tsayar da ita saboda kafaɗunta a buɗe, don dokarsu mace ko namiji sai an rufe kafaɗa da gwiwa, maza kuma su cire hula. Manyan masallatan Turkiyya ma haka, mace zata rufe kai kowa ya cire takalmi, to kaga takalmi mai igiya goma ba naka bane ranar.

Hula mai faɗin baki tana da kyau amma a samu mai igiyar haɓa, ta maigida ko awa biyu batayi ba iska ta fizge ta muna tsaye muna kallo ta faɗa teku. Tabarau, man kare fata daga rana da ake sake shafawa duk bayan awa biyu, gorar ruwa, ƴar jakar goyo marar nauyi, waɗannan ba sai na tsaya bayani ba.

Kayan kwalliya fa, eh akwai dare ɗaya ko biyu da ake caɓa ado a ci abinci, amma kaya ɗaya masu kyau sun isa, namiji riga mai dogon hannu da wando mai duhu, in yaso ya ɗora kwat. Ni bakwai na kai, bakwai fa Edita, a ɗakin da in ka buɗe akwati sai ɗayanku ya hau gado kafin ɗayan ya wuce. Kuma kada kowa ya wahalar da kansa da dutsen guga, basa bari a shiga dashi saboda tsoron gobara, nawa tun a bakin shiga na'ura ta gano shi suka karɓe suka bani ƴar takarda sai ranar sauka. Dabarar da wata ma'aikaciyar jirgin ta koya min itace in rataye rigar a banɗaki lokacin da nake wanka da ruwan zafi, tururin yana sassauta yamutsin. Wankin jirgi kuma da tsada, gara ka tafi da ɗan sabulu ka riƙa ɗauraye ƙananan kaya da daddare, bangon ɗakin ƙarfe ne, in ka samu ƴan maratayan nan masu maganaɗisu sai ka manna ka shanya abinka. Af, wanda tafiyarsa ta yankin Karibiyan ce ya kiyayi kaya masu zanen kakin soja, ƙasashe irin su Barbados da Jamaika sun haramta wa farar hula sawa, har yara.

Saura ranar farko da ta ƙarshe. Ranar shiga tun a tasha ake karɓar manyan akwatuna, sai yamma ko dare ake kawo maka ƙofar ɗaki, namu sai bayan isha'i suka iso, to magani da fasfo da caja da kaya kala ɗaya na canji su zauna a jakar hannu. Daren ƙarshe kuma cewa ake ka fito da akwatinka ƙofar ɗaki kafin ka kwanta su kwashe, ba zaka sake ganinsa ba sai a ƙasa bayan ka sauka. Maigida cikin gyangyaɗi ya tattara komai ya zuba har da takalmansa duka, da safe muka duba ƙarƙashin gado muka duba banɗaki babu, haka ya sauko daga jirgi da rigarsa mai kyau da wandon barci da silifas ɗina mai fure ya bi layin jami'an shige da fice yana ta sunne kai, ni kuma ina bayansa ina ɗingishi da filasta ina danne dariya. Har yau in na tuna masa sai yace in bari.

Nagode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku mai karatu a kullum.