Wasiƙa ga Aminina Kan Maganin Ƙanwarmu

Assalamu alaikum aminina,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Alhamdu lillahi da muryoyin da ƙanwarmu take ji suka lafa tun da aka ɗora ta kan risperidone. Batun ɗaukewar al'adarta da ruwan nonon da ke zubo mata kuwa, ka kwantar da hankalin Mama, kada a zargi ƙanwarmu da komai. Maganin yana yin haka.

Tun daga chlorpromazine da aka fara ba masu taɓin hankali a Faransa a 1952, yawancin magungunan sikizofireniya, wato taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyi, suna aiki ne ta hanyar tare sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. To, dofamin ɗin nan shi ne birkin wani sinadari, furolaktin, mai sa jiki ya yi nono. Da an saki birki sai furolaktin ya hau. Mace al'adarta ta rikice, namiji ƙirjinsa ya kumbura, sha'awa ta ragu, abin da maza da yawa ke jin kunyar faɗa wa likita har su daina shan magani a ɓoye. In aka daɗe a haka, ƙashi ma yana raunana.

Sababbin magungunan suna taɓa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin ma, shi ya sa ba su cika kawo rawar hannu da sandarewar jiki irin na tsohon magani haloperidol ba. Amma ba duka ne suka sassauta wa furolaktin ba. Risperidone na cikin masu ɗaga shi sosai. Clozapine da quetiapine ba su cika ɗaga shi ba, aripiprazole ma yakan sauke shi. Kowanne kuma da nasa: olanzapine da clozapine suna buɗe ciki, su kawo ƙiba, wani lokaci har da ciwon sukari, clozapine kuma sai da gwajin jini a kai a kai.

Abin da na fi tsoro shi ne ku tsayar da maganin da kanku. Ciwon yakan dawo. Ku koma wurin likitanta, ta gaya masa komai ba kunya, ya auna furolaktin a jininta. Shi zai ga ko a rage, ko a sauya, ko a haɗa mata da aripiprazole.

Ka gaida Mama, ka yi mata sannu da ɗawainiya. Ina jiran abin da likita zai ce.

Amininka.